Turancin Kofur

Yanzu a cikin garin Zuru nake zaune, a gidan ɗana na biyu, kuma abin da ke tashe ni da safe ƙarar 'yan kabu-kabu ce da injin niƙan maƙwabta. Ba ƙorafi nake yi ba. Akwai famfo a tsakar gida, akwai wuta in an kawo, jikoki suna shiga suna fita. Kunnena ne kawai ya ƙi sabawa. A ƙauyenmu na gindin dutse, in damina ta kankama, ƙaho ne ke tayar da mutum: samarin golmo sun taru za su tafi gonar surukin ɗayansu. Sai ka ji ƙafafu suna wucewa ta bayan danga, garemani suna karo da juna a kafaɗu, wani ya ɗauko waƙa da yarenmu, saura su amsa. Mu 'yan mata muna durƙushe a kan dutsen niƙa, kowace ta kasa kunne ko za ta tsinci muryar nata a ciki. Ga wanda bai sani ba, golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa uban yarinyar da yake so, shi da sa'o'insa, damina bayan damina, har shekara bakwai, kafin a ba shi ita. Yaran yanzu in na ba su labari dariya suke yi. Su akwati suka sani da waya. Ƙauyen ma babu kowa a cikinsa yau, tsoron 'yan bindiga ya sauko da mutane gari, an ce ciyawa ta cinye har wurin da muke shanya dawa.

Mahaifinmu tsohon soja ne, kamar yawancin mazan ƙasarmu. Ya je yaƙin Turawa can ƙetaren teku, ya dawo da igiya biyu a hannun riga, da wani tari da bai rabu da shi ba har ya mutu, da 'yan kalmomin Turanci. Ba wanda ke kiran sunansa, Kofur ake ce masa, har mahaifiyarmu. A gida yarenmu muke yi. Hausa ta kasuwa ce da majami'a. Turanci kuwa na Baba ne shi kaɗai, yana fito da shi ne kamar yadda yake fito da takalmansa na soja, in magana ta yi girma. In kina tafiya sanyi-sanyi da tulu ya ce miki “kwik maci”. In yara sun cika surutu ya ce “atanshan”, kowa ya daskare. Amma wanda ya fi yawa a bakinsa shi ne “akuros-da-bod”. Da safe zai fito ya tsaya a tsakar gida ya ce, “Yau kowa gona, akuros-da-bod!” Sai mu ɗebi fartanyu, maza da mata, har mahaifiyarmu da goyo a baya. Ranar da wani ya sace masa zuma aka rasa mai laifi, ya jera mu ya ce bulala akuros-da-bod, ya zane mu duka, sannan ya kora mu gona.

Tsakanin gidanmu da gonar akwai kwazazzabo mai zurfi. Da rani awaki ke wasa a cikinsa. Da damina kuwa jan ruwa ne ke saukowa daga dutse yana ruri, har a gida ana jinsa. Akwai mashigi can ƙasa, amma in ka bi ta nan sai rana ta ɗaga kafin ka isa. Saboda haka Baba ya samo wani dogon katako a wurin masu aikin hanya, ya shimfiɗa shi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Faɗinsa bai wuce ka jera ƙafafunka biyu ba, in ka kai tsakiya yana lilo, in an yi ruwa yana santsi. Mu da muka tashi da shi a guje muke ƙetarewa da kaya a ka.

Yayata ta biyu ta ɗan yi makarantar mishan kafin a cire ta. Wata rana muna surfe muka tambaye ta ma'anar Turancin Baba. Ta tsayar da taɓarya ta yi tunani, ta ce “akuros” ƙetarewa ne, ta tabbata, malaminsu ya koya musu. “Bod” kuma allo ne, ko katako. Muka dubi juna muka fashe da dariya. Ashe cewa yake a ƙetare katako! Abin ya zauna daram, don duk sanda ya faɗa, gona muke ƙarewa. Daga gidanmu kalmar ta bazu a ƙauye. Malalacin yaro a ce ba ya akuros. Mai himma a ce wannan tun asuba ya yi akuros-da-bod. Ni kaina na tafi da ita gidan aure, na rene 'ya'yana da ita, na shiga zumuntar matan majami'a da ita. Shekara da shekaru, in na ce wa mutum akuros-da-bod, ina nufin ya tashi ya kama aiki.

Wanda ya zama maigidana tela ne, Tela kuma kowa ke ce masa. Shan inna ya kama shi yana ƙarami, ƙafarsa ta hagu ta shanye, siririya kamar muciya, da sanda yake tafiya. Da iyayensa suka ga ba zai yi noma ba, suka kai shi Zuru wurin wani Ibo mai shago, ya koyi ɗinki, ya dawo da kekensa na hannu. Ranar kasuwa yana zama a wata rumfa kusa da masu daddawa. Na kai masa rigar sojan Baba ya yi mata faci, ya juya ta ya ce, “Wannan rigar ta ga yaƙi, amma ɓerayen gidanku sun fi abokan gaba aiki.” Na yi dariya har na manta da cefanen da aka aike ni. Daga nan na riƙa samun abin da ya yage a gidanmu kowace kasuwa. Wani lokaci ni nake yaga shi.

Da bazara ya zo neman aurena tare da kawunsa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar ƙofar gida. Mijin yayata ɗaya da manemin ɗayar suna nan zaune, ɗaya ya gama golmonsa, ɗaya yana tsaka. Mu mata muna bayan danga muna leƙe ta tsakanin karare. Kawun dattijo ne mai sanyin murya, ya yi gaisuwa ya sake gaisuwa, sannan ya ce, “Kofur, ka ga yaron nan yadda Allah ya yi shi. Sa'o'insa sun yarda za su noma maka gonarka, ba abin da zai ragu. Shi kuma ya ɗauki suturar gidanka gaba ɗaya, babba da yaro, muddin yana da rai. Ka sauwaƙe masa garma.”

Baba ya yi tarinsa, ya tofar, ya dubi Tela daga kai har ƙafar. Sannan ya ce, “A gidan nan,” ya ɗaga hannunsa na dama ya zagaya da shi, “akuros-da-bod.”

Mahaifiyarmu ta riƙe baki. Da baƙi suka tafi ta same shi ta ce, “Kofur, ɗan mutane za ka kashe? Mai ƙafa biyu ma yaya ya ƙare da katakon nan?” Ya ce, “Na faɗa.” Bai ƙara ba. Ranar kasuwa na je rumfar Tela idona a kumbure, na ce masa ko dai ya haƙura da ni, ko mu gudu Kontagora inda nake da goggo. Yana ɗinki bai ɗago ba, ya ce, “Maimaita mini abin da ya faɗa.” Na maimaita. Na ce, “Cewa yake ka ƙetare katako. So yake a yi maka dariya.” Ya ciji zare ya tsinke, ya ɗan yi murmushi, ya ce, “Na ji.” Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar farko ta golmonsa an kwana ana ruwa. Da gari ya waye kwazazzabo ya cika, ruwa yana tafe da rassan itace. Rabin ƙauye sun fito, wasu don tausayi, wasu don kallo, ba zan ɓoye ba. Sa'o'insa suka ƙetare ɗaya bayan ɗaya, aka daina waƙa. Biyu daga cikinsu suka ce za su goya shi ta mashigi, ya ƙi. Baba ya riga ya ƙetare, yana tsaye a waccan gaɓa, hannuwa a baya kamar a fareti. Tela ya jefa sandarsa ta faɗa can gefen Baba. Ya rataya garmarsa a wuya. Ya zauna a kan katakon, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, kamar mai hawan jaki, ya fara jan jiki da hannuwa. Yara suka kwashe da dariya, wata tsohuwa ta daka musu tsawa. Yana ja, katako yana lilo, shanyayyiyar ƙafar tana reto a kan ruwa. Da ya kai tsakiya garmar ta karkata ta janye shi gefe. Na ga ƙafafunsa a sama, sannan ban gan shi ba.

Ban san na yi ihu ba sai da yayata ta toshe mini baki. Ruwa ya tafi da shi kaɗan ya maka shi a saiwar wani ɓaure, ya rungume ta. Samari suka yi sarƙa da hannuwa suka fito da shi ta gefen gona, jikinsa duk jan laka, goshinsa a fashe, garma ta tafi. Ya zauna yana aman ruwa. Baba bai miƙa masa hannu ba, bai ce masa sannu ba. Ya tsaya har ya gama aman, sannan ya sauke garmar da ke kafaɗarsa, tasa ta kansa, wadda ta fi kowace nauyi a gidanmu, wadda ko yayyena maza ba ya bari su taɓa, ya ajiye a gabansa. Ya juya ya shiga gona.

A kan gwiwa Tela ya yi huɗa ranar. Sa'o'insa su kai ƙarshen gona su dawo, shi bai raba kunya ɗaya biyu ba. Da Baba ya zo duba aiki, ya ga kunyarsa ta karkace, ya sa ƙafa ya rushe ta, ya ce a sake, daidai yadda yake yi wa kowa. Da yamma tafin hannunsa ya yayyage, ya yi makonni bai iya riƙe allura ba. Haka ya yi daminar nan, haka ya yi waɗanda suka biyo baya, har ya gama. Ya koyi ƙetare katakon a zaune, bai sake faɗawa ba. Aka ɗaura mana aure a majami'a, muka haifi 'ya'ya, muka tsufa tare.

Ni kuwa ban yafe wa Baba ba. Ina gaishe shi, ina kai masa tuwo, da ciwonsa na ƙarshe ni na yi jinyarsa, amma zuciyata ba ta sake buɗe masa ba tun daga ranar. A wurina magana a fili take: mutum ya dubi gurgu ya nuna masa katako. In na tayar da zancen, maigidana sai ya yi dariya ya ce, “Kofur ke nan,” ya ci gaba da ɗinkinsa. Da Baba ya tsufa, ranar kasuwa ba ya zama a rumfar kowa sai ta Tela, su wuni ba su yi magana mai tsawo ba. Na ɗauka nadama ce ke kai shi. Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya yanzu.

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida, jikana namiji yana kwance yana latsa waya, ga kwanuka a zube. Na ce, “Kai, tashi ka yi akuros-da-bod.” Yayarsa, wadda ke karatu a kwaleji, tana wanki a bakin famfo. Ta ɗago ta ce, “Kaka, wai me kike nufi in kin faɗi haka? Tun ina ƙarama nake ji.” Na ce ai Turanci ne, ke da kike makaranta ba ki sani ba? Na ba ta fassarar yayata. Yarinyar nan ta yi dariya har ta zauna a cikin kumfa. Da ta ga fuskata ta canza, ta goge hannu ta matso kusa.

Ta ce, “Kaka, across the board ne. Kalmomin daidai yayarki ta fassara, ɗaya bayan ɗaya, amma in an haɗa su ba katako a ciki ko kaɗan. Ana nufin abu ya hau kan kowa daidai, ba a ware kowa ba. In an ce doka across the board, to babba da yaro, mai kuɗi da talaka, duk ɗaya. Ba a ce wa mutum ɗaya ya je ya yi shi. Ba aiki ba ne da ake yi, yadda ake shimfiɗa doka ne.”

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na tashi na shiga ɗaki na zauna a bakin gado.

Yau kowa gona. Bulala ga kowa. A gidan nan, doka ɗaya. Duk inda na juya maganar Baba, fassarar yarinyar nan ta shiga, kamar yadda ta yayata ta shiga. To wacce ya nufa ranar a gindin ɗorawa? Na rufe ido ina neman hannun nan nasa da ya ɗaga. Shekarun nan duka ina ganinsa yana nuna hanyar kwazazzabo. Yanzu kuma sai na gan shi yana zagayawa ta kan mijin yayata da manemin ɗayar da ke zaune, ya ƙare a kan Tela. Kwazazzabon ma a can gefen yake. Na kasa raba su. In cewa ya yi kai ma namiji ne kamar waɗannan, ba zan karɓi allura a madadin garma ba don kada a ce ɗiyata ta auri wanda aka yi wa sadaka, to na yi shekaru ina fushi da mutumin da ya girmama mijina. In kuwa haka ne, me ya hana shi ya ce ya bi ta mashigi? Me ya hana shi miƙa hannu? Garmar da ya ba shi, kyauta ce ko ƙarin nauyi? Kuma shi maigidana, da ya zauna da Ibo yana jin Turanci a shago, da ya ce mini “na ji”, me ya ji?

Mutum ɗaya ya rage da zan tambaya, ƙanena, autanmu, shi ma tsohon soja, yana zaune a wata unguwa a nan Zuru yana cin fanshonsa. Na hau kabu-kabu na je. Na same shi yana ba kaji dawa. Da na gama bayani ya dube ni kamar na zo da mafarki.

Ya ce, “Yaya, ashe ba ki sani ba? Ni tun ina kurtu na ji hafsoshi suna faɗa na gane. Na ɗauka ke ma kin sani, wasa kike yi.”

Na ce, “To Baba fa? Ya sani?”

Ya watsa sauran dawar ya kaɗe hannu. Ya ce Baba ya taɓa gaya masa inda ya samo kalmar. A can wurin yaƙi wani soja ya yar da kayan aiki, ba a gane ko wane ne ba, Baturensu ya tsayar da su duka a rana tun safe, har da marasa lafiya, har wani abokin Baba mai zazzaɓi ya faɗi bai tashi ba. Kalmar da Baturen ya faɗa ke nan. Ƙanena ya ce, “Baba ya ce bai taɓa tsanar mutum kamar yadda ya tsani Baturen nan ranar ba.”

Na ce, “To don me ya ɗauko ta ya kawo gida?”

Ya ce, “Oho. Wataƙila ya san ma'anarta. Wataƙila abin da ya sani kawai shi ne, in an faɗe ta ba a musu. Kin san Baba ba Turanci yake ji ba. Kuma shi ma ya ji kuna cewa katako, bai taɓa gyara muku ba.” Na dawo gida na fi yadda na tafi ruɗewa.

Ana cikin haka aka kira taron zumuntar mata. Majami'armu ta cika da matan da suka gudo daga ƙauyukan wajen Bena da Wasagu, wasu mazansu sun mutu, wasu ba a san inda suke ba. A baya suke zama, ba su da zanen zumunta. Mu kuwa muna da ƙa'ida tun da: kowace mace tana da ranar sharar majami'a da ɗebo ruwa, kuma ranar Asabar kowa ya fita gonar zumunta. Matar fasto, mace mai kirki, ta tashi ta ce a ganinta a ɗauke wa baƙinmu wannan, sun sha wahala, su huta. Wata ta ce a'a, in an raba amfanin gona ai da su ake rabawa. Murya ta fara tashi. Baƙin suna zaune kansu a ƙasa ana magana a kansu. Sai matar fasto ta ce, “Bari mu ji ta bakin Mama, ita ce babba.”

Na miƙe ban shirya komai ba. Na dubi matan nan na baya, bakina ya buɗe da kansa, na ce, “Akuros-da-bod.”

Tsofaffin da suka saba da ni suka yi dariya, a wurinsu na ce a tashi a kama aiki. 'Yan matan da suka yi boko suka gyaɗa kai, a wurinsu na ce doka ɗaya ga kowa. Matar fasto ta ce, “Mama, wanne kike nufi?” Na ce, “Ɗiyata, jikata ta ce ma'anarsa kada a ware kowa. Haka ake faɗarsa daidai. Ko daidai ne a yi haka, wannan ban sani ba.” Kafin wani ya ce wani abu, wata matashiya daga cikin baƙin, mai goyo, 'yar wajen Bena, ta ɗaga hannu ta ce, “Wace rana ce tawa ta shara?” Shi ke nan aka tsayar: kowa da kowa.

Ranar Asabar na sa aka kai ni gonar, na zauna a inuwa tunda gwiwoyina sun daina noma. Matashiyar nan tana can tsakiya, ɗanta a baya, an bar ta a baya sosai. Na ji shugabar aiki tana yi mata faɗa wai ta bar ciyawa a gindin dawa. Da ta zo shan ruwa na ga tafin hannunta ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Na ce, “Ki zauna ki huta, ba wanda zai ce komai.” Ta shanye ruwan ta goge baki, tana dariya ta ce, “Mama, tun da muka gudo, yau ne karo na farko da wani ya yi mini faɗa. Kullum sannu, sannu, sannu, kamar gawa.” Ta koma bakin aikinta. Na ce a raina, to Baba, ashe haka ne.

Amma akwai wata a cikinsu, dattijuwa, 'yar wajen Wasagu, da take zama kusa da ƙofa. Ba ta zo gona ba. Ranar Lahadi ba ta zo sujada ba, ta gaba ma haka. Na tambaya aka kwatanta mini inda suke, wani kango da ba a gama ginawa ba a bayan gari, an toshe tagoginsa da buhuna. Na same ta zaune a ƙasa tana ɓare gyaɗar wani, aikin da ake ba ta ɗan abin da za ta ci. Ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe ni, sai na ga yadda take dafa bango, bayanta ba ya miƙewa.

Na ce, “Mun daina ganinki.”

Ta ce, “Mama, ranar da muka gudo na faɗi a kan dutse da jika a hannu. Ba na iya sunkuyo da tsintsiya, balle fartanya. An ce kowa da kowa. Na ji kunyar in tashi a gaban mutane in ce ban da ni. Na ga gara in zauna a nan, Allah yana ji daga ko'ina.”

Na lallaɓa na zauna kusa da ita a kan buhu. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Can ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, da son sani kawai, ta ce, “Wai ni Mama, Turancin nan da kika yi ranar, mene ne ma'anarsa?”

Na buɗe baki. Yanzu na san amsar, jikata ta koya mini, zan iya faɗa mata daidai ba kuskure. Na dubi bayanta, na dubi yatsunta. Na ce, “Turo mini kwaryar nan tsakiya, hannu biyu sun yi miki kaɗan.” Ta turo. Muka ci gaba da ɓarewa har rana ta karkata, ba ta sake tambaya ba.